Lawal Biyu

Ƙarfe biyun dare a Idi-Araba,
ruwa na dukan rufi kamar mai bin bashi,
janareto na tari a bayan ɗakin maza.
Tun la'asar nake kan ƙafa,
gosulon Oshodi ya ci awa uku daga barcina,
mai karɓata ta bugo: titin Ikorodu ya zama kogi,
ba ta ga hanyar zuwa.

Gado ashirin da shida, mu biyu,
ni da Sista Folake mai gilashi a kan hanci.
Wannan na kiran ruwa, wancan na kiran uwarsa,
ƙarin ruwan gado goma ya tsaya,
agogo na ta matsawa.

Lawal biyu gare mu a makon nan.
Na gado bakwai tela ne daga Mushin,
ciwon sukari ya ci masa babban yatsa.
Na gado tara mutumin Aliero ne,
mai albasa a Mayil Sha Biyu,
an ɗinke masa hanji shekaranjiya,
ko ɗigon koko bai shiga cikinsa ba,
sai leɓe da yake ta lasawa.

Na zuƙi insulin daidai awo,
na ɗaga sirinji ga fitila, na kori iska,
na duba fayil: Lawal, gado bakwai.
Ƙafata ta san hanya, ba ta nemi shawarata ba.
Mutum a lulluɓe, fuska ga bango,
na goge fata da auduga,
na ce, "Lawal?" don dai sabo,
allura na dab da taɓawa.

Ya ce, "Na'am, 'yata."

Na'am?
Tela bai taɓa ce mini na'am ba.
Yarbanci yake amsa mini, da raha,
kullum sai ya kushe ɗinkin rigata.
Hannuna ya tsaya a iska shi kaɗai,
zuciyata ta faɗo har tafin ƙafa.
Na haska tocilar waya a wuyan hannunsa,
na karanta a hankali, harafi harafi,
kamar ranar da na fara koyon karantawa.

Ashe rufi ya yi yoyo da magariba,
masu shara suka juya gadaje biyu,
lamba ta zauna a bango, mutane suka tashi,
ba wanda ya tuna da faɗawa.

Na koma tebur, gwiwa na rawa.
Na so in haɗiye, wa ya gani?
Sista Folake ta dube ni ta saman gilashi,
ta tura mini takarda da biro.
"Hurera, rubuta.
Ramin da kika tsallake a ɓoye,
gobe wata ce za ta faɗa,
kuma ba lalle a ce mata na'am ba.
Rubuta lokaci, rubuta yoyo, rubuta gajiya,
kunya ba ta taɓa warkar da kowa."

Na rubuta. Tawada ta ɗan baje.
Muka ɗaura jan ƙyalle a hannun Lawal da Lawal,
muka je gadon tela mu biyu,
ita na karanta suna, ni na karanta kwalba,
ya buɗe ido ya ce aljihuna a karkace yake.

Tun ranar ba na tambaya, "Kai ne wane?"
Sai in ce, "Faɗa mini sunanka, da na babanka."
Masu gaggawa su yi tsaki, in jira.

Mai albasa bai sani ba har yau.
Ran da aka sallame shi ya riƙe ƙofar danfo,
yana ce mini hannuna na da sanyi,
ya aiko yaro da rabin buhu,
na yi wata guda ina yankawa,
ina ɗora wa albasa laifin hawaye,
ba na musawa.